Ku Nemi Baushenku Kafin Ku Shiga Daji

'Ya'yana maza da mata,

Wata Asabar da sanyin safiya na fito daga masallaci, na tarar da samari da 'yan mata sun kai goma sha biyu a bakin titin Dass, nan wajen Yelwa, suna jiran mota. Kowa da jaka a baya, kowa da waya a hannu, ɗoki ya cika fuskokinsu. Suka rusuna suka gaishe ni, na amsa, na tambaye su ina aka nufa da sassafe haka. Suka ce dutse za su hau. Raina ya yi fari ƙwarai. Na fi shekara talatin ina koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandaren jihar nan, kuma abin da ya fi ci mini rai a duk shekarun shi ne in ga yaro ya haddace sunayen duwatsun Turai saboda jarrabawa, alhali bai taɓa taka Dutsen Zaranda ba, wanda yake hange duk ranar da ya bi hanyar Jos.

Sai idona ya sauka a ƙafafunsu. Uku silifa ce a ƙafarsu, biyu kuma takalmin zuwa ɗaurin aure. Na dubi ruwan da suka riƙo, yawancinsu 'yar gorar roba ce guda ɗaya wadda ba ta wuce rabin lita ba. Na ce, "Wa ya san hanya a cikinku?" Ɗaya ya ɗaga wayarsa ya ce, "Baba, ai komai yana nan ciki." Na ce, "To, a gida wa ya san inda za ku da lokacin da za ku dawo?" Suka dubi juna. Kafin a ba ni amsa mota ta tsaya, suka shige, na bi su da addu'a. Da na koma gida maganar ta ƙi barin zuciyata, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku da su baki ɗaya.

Ku kwantar da hankalinku, ba hana ku zan yi ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma Allah Ya yi wa ƙasar Bauchi baiwar wuraren da suka cancanci a sha wahala a je a gani: duwatsun Dass da Mbula a tsakiyarsu, zanen mutanen da a jikin dutse a Geji ta ƙasar Toro da kuma Shira, gandun Sumu a Ganjuwa inda raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006 suke kiwo, ga kuma Yankari. Yaron da ya saba tafiyar ƙasa yakan yi juriya, yakan san darajar ruwa da inuwa, yakan daina raina mutanen ƙauye. Ina so ku je. Abin da nake nema kawai shi ne ku dawo da ƙafafunku, ku sake zuwa, har ku kai 'ya'yanku.

Bari in fara da garin da muke zaune a ciki. Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, malami ne, jarumi ne, yana da runduna a bayansa. Duk da haka, lokacin da ya tashi kafa birni a wajajen 1809, labarin da muka gada daga kakanni ya ce wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna masa wurin da ya dace, yamma da Dutsen Warinje, kuma daga sunan maharbin nan garin ya samo nasa. Har yau a bakin Bahaushe, baushe shi ne maharbin da ya ƙware, wanda daji ya zame masa kamar tsakar gida. Ku tsaya ku auna wannan. Mai tuta da dakaru bai ga ƙasƙanci ba a tambayar mutumin da ya san inda ruwa yake, inda iska ke kaɗawa, inda ƙasa za ta riƙe ganuwa. Duk lokacin da kuka ce ku 'yan Bauchi ne, sunan ɗan jagora kuke ambata. Ba zai yi kyau ba a ce jikokin wannan gari su ne masu shiga daji ba tare da sun tambayi kowa ba.

Wani ɗan maƙwabcina ya taɓa nuna mini bidiyon wasu Turawa suna ratsa wani tsibiri a Amurka, Ayil Royal, da ke cikin tafkin Sufiriya a jihar Mishigan. Tsawon tsibirin ya kai kilomita 70, babu titin mota a cikinsa, ba a isa gare shi sai ta jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Babbar hanyar ƙafa da ta bi ta ƙashin bayansa ta kai kilomita 64, akwai kuma wata da ta fi ta wuya, wadda a wurare da yawa tarin duwatsu ne kaɗai ke nuna wa mutum inda zai sa ƙafa. Yaron ya ce, "Baba, ka ga mazaje, su da jakarsu kawai." Na ce masa abin da bidiyon bai nuna ba ya fi wanda ya nuna yawa. Duk mai son kwana a tsibirin nan sai ya karɓi takardar izini, ya faɗi inda yake sa ran yada zango, ya saurari bayanin ma'aikatan gandun. Daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu ma rufe wurin ake yi gaba ɗaya saboda tsananin sanyi. Ƙasar da take da jiragen ceto ke nan, amma ba ta yarda mutum ya shiga dajinta a kan ganin dama ba.

Mu ma muna da namu tsibirin, sai dai gonaki da ƙauyuka ne suka kewaye shi a maimakon ruwa. Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri, fili ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi ranar 1 ga Disamba, 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. In ka bi hanyar Gombe ka karkata a Dindima, ka isa ƙofar Mainamaji, to da sauran tafiyar da ta kai kilomita 40 a cikin dajin kafin ka ga sansanin Wikki. Yawancinku Wikki kuka sani, ruwan nan mai ɗumi da yake tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana zubar da lita miliyan 21 kullum zuwa kogin Gaji. Ku yi wanka, ku ɗauki hoto, bika ta fizge muku burodi, ku dawo ku ce kun ga Yankari. Bakin ƙofa kuka gani. A ciki akwai kogunan Marshal, ɗakuna 59 da mutanen da can suka sassaƙa a jikin dutse, akwai rijiyoyin Dukkey fiye da 130 masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, akwai tsofaffin matoyan ƙarfe a Shaushau, akwai tudun Kalban mai shimfiɗaɗɗen kai da ake hangen daji daga samansa, da Kariyo da ya fi ko'ina tsawo, mita 640. Waɗannan wurare sun cancanci gumi, kuma babu wanda ake zuwa ba tare da ma'aikacin gandun ba.

Na sha jin matasa suna gunaguni a kan wannan doka, wai hanyar karɓar kuɗi ce. Ku bi ɗaya daga cikin ma'aikatan nan na awa biyu kawai, ku zuba masa ido. Zai tsaya a kan kashin giwa ya gaya muku na jiya ne ko na ɗazu. Zai dubi reshen da aka karya ya ga ko ruwan itacen ya bushe. Zai ɗebi ƙura ya saki don ya san inda iska ke kai warinku. Haushin bika daga nesa, ko tashin carki daga cikin gamba, labari ne a wurinsa, domin carki a jikin manyan dabbobi yake kiwo, kuma ɓauna a cikin doguwar ciyawa ba ta sallama kafin ta taso. Giwayen Yankari, waɗanda aka ƙiyasta tsakanin 100 da 150, suna cikin mafi yawan da suka rage a Najeriya, kuma sun daɗe suna shan wuya a hannun mafarautan haure, saboda haka uwa mai ɗa ba ta da dalilin yarda da ɗan Adam. Dorina kuma, in ka shiga tsakaninta da ruwa, ta kanka za ta bi. Wace taswirar waya ce za ta gaya muku waɗannan? Ta san inda tudu yake, amma ba ta san abin da ya kwana a gindinsa jiya ba. Ga shi kuma sabis yakan ɗauke, caji yakan ƙare, gilashi yakan fashe a kan dutse. Ku riƙi waya, tana da amfani, amma matambayi ne ba ya ɓata.

Abin da zan ba ku yanzu a jikina na koye shi. Ina da shekara 26, ban daɗe da fara koyarwa ba, ni da abokaina biyu muka nufi ɗaya daga cikin duwatsun ƙasar Dass a watan Maris, tsakiyar bazara. Ba mu isa gindin dutsen ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Muka tarar da wani dattijo yana sharar gona. Muka gaisa, ya ji inda muka nufa, ya dubi rana, ya dubi gorunanmu, ya ce mun makara, mu bari sai gobe da asuba, ko kuwa mu jira ɗansa ya dawo daga rafi ya raka mu. Muka yi masa godiya muka wuce, domin ga kan dutsen nan muna gani kamar mu miƙa hannu mu taɓa.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da muka ɗauka ƙololuwa ashe kafaɗa ce, bayanta akwai wata, bayan wannan ma akwai wata. Duk inda muka kai sai mu ce ai saura kaɗan, ba za mu yi asarar wahalar da muka sha ba. Ba mu kai sama ba sai bayan Azahar, ruwanmu kuma ya ƙare tun kafin nan. Da muka juyo, sai muka tarar da abin da ba mu taɓa tunani ba: falalen dutse ba ya riƙe sawu, kuma daga sama duk kwazazzabai kamarsu ɗaya. Muka bi ɗaya ya kai mu bakin gangare mai tsayin bene, muka koma, muka bi wani ya shige cikin sarƙaƙiya. Dutsen ya ɗauki zafi har ba a iya dafa shi da tafin hannu. Ɗaya daga cikin abokaina ya fara amai, can sai gumi ya daina fito masa, jikinsa ya yi zafi rau, ya fara maganar da ba ta haɗuwa. Muka ja shi ƙarƙashin wani dutse mai ɗan inuwa, muna yi masa fifita da riga. La'asar ta wuce. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yammaci ba, kuma abin da ke yawo a kaina shi ne babu ko mutum ɗaya a Bauchi da ya san inda muke.

Rana ta yi ja sai muka ji kira daga ƙasa. Ɗan dattijon nan ne da wani ɗan'uwansa, ɗauke da goran duma cike da ruwa. Tsohon bai bar gonarsa ba, yana ta duban hanyar da muka bi, da ya ga La'asar ta yi ba mu sauko ba ya tura su. Suka jiƙa abokina, suka riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, suka goya shi bi da bi ta wata hanya da muka wuce ta gabanta sau biyu ba mu gane ta ba. Kwanansa uku a asibiti. Yau yana da jikoki. Mutumin da muka ƙi jin shawararsa da safe shi ne ya ƙirga mana lokaci, kuma da bai yi haka ba, da wani ne zai ba ku wannan labari. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kuma mu mun hau abin da ya fi rimi tsawo ba mu gani ba.

Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina ƙa'ida, kuma da ita na yi ta kai ɗalibai daji har na yi ritaya ba mu bar kowa a baya ba: ana yanke lokacin juyowa tun a gindin dutse, kafin a ɗaga ƙafa. In lokacin ya yi, ko saura taku hamsin a kai ƙololuwa, an juya. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi wuyar bi, domin zuciya za ta ce maka abin kunya ne, abokai za su ce ka karaya, hoton da ka yi niyyar ɗorawa a Facebook zai tsaya maka a rai. Ɗana, dutsen yana nan tun kafin Malam Yakubu, zai kuma jira ka wata Asabar. Ka tuna a ƙasarmu tsakanin faɗuwar rana da duhu bai fi rabin awa ba, kuma saukowa ta fi hawa haɗari, domin a lokacin gwiwa ta gaji, hankali ya koma gida. Ni dai ina fara hawa da an sallame Asuba, in juyo kafin Azahar, in yi La'asar a ƙasa. Lokutan salla agogo ne da ba ya bukatar caji.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwa shi ne farko: a tafiyar wuni guda lokacin zafi, ban yarda mutum ya tashi da ƙasa da lita huɗu ba, kuma a sha tun kafin ƙishirwa ta kama maƙogwaro. A Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a ƙasar nan, kuma shawarata ita ce ku bar manyan duwatsu a waɗannan watanni, ku yi su daga Nuwamba zuwa Janairu. Hunturu ma yana da nasa sharri, domin busasshiyar iska tana shanye ruwan jiki mutum bai ga gumi ba, hazo kuma yakan ɓoye tudun da kake auna hanya da shi. Ku sa ƙullin gishiri da sukari a jaka: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta yana tayar da wanda ya galabaita. Ruwan kududdufi kuwa, komai kyansa a ido, kada a sha sai an tafasa, kada kuma a yi wanka a ciki, saboda tsargiya. Guzurin kakanninmu har yau babu kamarsa, dabino da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da kilishi da dakuwa, ba su da nauyi, ba sa lalacewa, suna riƙe ciki. Takalmi ya zama sau-ciki mai kaushin ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da safa, da dogon wando mai kauri saboda ƙarangiya da ƙaya. In Yankari za ku, ku guji baƙin tufafi da shuɗi, domin su ƙudan tsando ya fi bi. Sai tocila, ko da kun tabbata da rana za ku dawo. Mu ma a ranar nan mun tabbata.

Maganar takalmi ta kawo ni ga maciji, kuma a nan ina roƙon ku saurara da kyau. Yankinmu na arewa maso gabas yana cikin wuraren da kububuwa ta fi yawa, har akwai asibiti na musamman na saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe. Kububuwa 'yar ƙarama ce, launinta launin ƙasa, tana kwanciya a gindin dutse da cikin busasshen ganye, kuma dafinta yana hana jini daskarewa, sai a ga mutum yana zubar da jini ta dasashi ko ta tsohon rauni. Kada ku zura hannu a ramin da ido bai ga ƙarshensa ba, kada ku tsallaka gungume ba ku duba bayansa ba, ku riƙe sanda. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin, a nufi asibitin da ke da allurar maganin dafin maciji ba tare da an biya ko'ina ba. Na san darajar masu maganin gargajiya a cikin al'ummarmu, amma na ga yadda wunin da aka ɓata ana jiƙe-jiƙe ya zama sanadin rasa ƙafa. Sau da yawa za ku ji ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne komai da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ne ya umarce mu da riƙo da sababi.

Damina kuma ta fi kowane lokaci kyan gani, ta fi kuma yaudara. Jiƙaƙƙen falalen dutse santsi gare shi kamar an shafa sabulu. Rafin da kuka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu yana iya kai muku ƙirji da yamma, saboda ruwan da aka yi a wani tudu can nesa wanda ko ɗigonsa bai taɓa ku ba. In hadari ya haɗo kuna kan dutse, ku sauko nan take, kada ku fake a gindin itacen da yake tsaye shi kaɗai.

Malamanmu sun karantar da mu cewa in mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗaya ya shugabance su. Ku zaɓi mai sanyin kai, wanda zai iya cewa a juya a kuma ji maganarsa. Tafiyar ayari da ƙafar mafi rauni ake auna ta, saboda haka mai ƙarfi ya tsaya a baya, kada a bar kowa shi kaɗai ko da ya ce ku wuce zai biyo ku. Wanda ya ce a wuce shi ne ya fi bukatar a tsaya. In kuma kun ga kun ɓata, ku zauna a inuwa wuri guda ku yi shawara, ku yi ta kira, kada kowa ya kama gabansa. 'Yata, ke ma wannan ƙasa taki ce, kuma na ga ɗalibai mata da suka fi maza juriya a kan dutse. Ki tafi da sanin iyayenki da yardarsu, cikin ayarin da kika amince da tarbiyyarsa, da 'yan'uwa mata a ciki. Ki tanadi sutura wadda za ta rufe ki ba tare da ta harɗe miki ƙafa ko ta kama ƙaya ba. In kin gaji ki faɗa da wuri, babu abin kunya a ciki.

Duk dutsen da kuka gani da masu shi. Kakannin mutanen Dass da Toro da Tafawa Balewa a kan duwatsun nan suka zauna a zamanin yaƙe-yaƙe, kuma har yanzu akwai kufai da kaburbura da wuraren da suke girmamawa. Ku fara sauka a ƙofar mai unguwa ko sarkin ƙauyen, ku gaishe shi, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku roƙi a haɗa ku da wanda ya san hanya, ku kuma sallame shi da abin kirki, domin wuninsa na gona ya ba ku. A nan ne za ku ji abin da ya fi komai muhimmanci a wannan zamani. A 'yan shekarun nan mun sha jin labarin masu garkuwa da mutane a wasu dazuzzukan Toro da Ningi da Alkaleri, kuma wurin da yake lafiya bara ba lalle ne ya zama lafiya bana ba. Mutanen ƙauye da 'yan banga da maharba su ne suka san halin da ake ciki a wannan mako. In suka ce kada a shiga, to magana ta ƙare, ku sha ruwa ku koma gida. Kada kuma ku yi ta shelar inda za ku da ranar da za ku a intanet. Hoto ya jira sai kun dawo.

Abu ɗaya kuma da yake sosa mini rai: ledar ruwa da robobi da nake gani yanzu a wuraren da a da babu komai sai sawun rema. Abin da kuka shiga da shi ku fito da shi. Kada ku rubuta sunayenku a jikin dutsen da ke ɗauke da zanen da ya fi kakannin kakanninku daɗewa. In kun hura wuta da rani ku kashe ta da ƙasa har sai kun iya dafa tokar, domin guntun garwashi ɗaya a cikin busasshiyar gamba yana iya cinye amfanin gonar ƙauye guda. Giwayen Yankari ma da kuke sha'awa, manoman da ke kewaye da dajin su ne ke biyan kuɗin zamansu da dawa da masarar da suke tattakewa. In kun zauna da mutanen nan ku saurare su da ladabi.

Samarin nan na titin Dass ban sake ganinsu ba, ina kyautata zaton sun dawo lafiya, kuma ina fatan wannan takarda ta kai gare su. Ku da kuke shirin fita Asabar mai zuwa, ga roƙona. Daren Juma'a ku ɗauki takarda ku rubuta sunan dutsen ko dajin, da ƙauyen da za ku sauka, da sunayen abokan tafiya da lambobinsu, da lokacin da za a fara nemanku in ba a ji daga gare ku ba. Ku miƙa ta a hannun mahaifiya ko mahaifi ko yayanku. In kun isa, ku nemi dattijon da ke sharar gona a gindin dutsen, ku gaishe shi, ku tambaye shi, ku yi abin da ya ce. In kun sauko ku koma ku shaida masa kun sauko, domin yana nan yana duban hanya. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.